Makarantar Ɗan Hausa: Mafarin Firamaren Gwamnati a Kano

Duk wanda ya bi ta unguwar Nassarawa a Kano, daf da gidan sarki na can, zai hangi wani ginin ƙasa mai zanko da zane-zane a bango. Gidan Ɗan Hausa ke nan. Yau Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ce ke riƙe da shi, amma a harabarsa aka buɗe makarantar da ta haifi makarantun gwamnati na Arewa, a shekarar 1909, shekara shida kacal bayan Turawa sun ci Kano.

Mai gidan, Hanns Vischer, haifaffen birnin Basel ne a ƙasar Suwizalan. Da farko aikin mishan ya kawo shi, daga baya ya koma aikin mulki aka tura shi Borno. A 1906 ya ƙetare Sahara da ayari daga Tarabulus zuwa Kukawa. Hausar da ke bakinsa ce ta sa aka laƙaba masa Ɗan Hausa. Da Gwamna Girouard ya ɗora masa aikin tsara ilimin Arewa, sai da ya je Masar da Sudan ya ga yadda ake karantar da 'ya'yan Musulmi a makarantun gwamnati, sannan ya dawo ya zauna a bayan ganuwar Kano, zamanin Sarki Abbas.

Abin mamaki, ba da yara ya fara ba. Ajin farko na manyan malamai ne, masu gemu, waɗanda suka riga suka yi karatun allo da na littattafai. Su aka koya wa rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa, don su zama masu koyarwa idan yara sun zo. Bayansu aka buɗe ajin 'ya'yan sarakuna, da elemantare, da sashen sana'a inda ake koyon kafinta da ƙira da dukanci da gini. Da Hausa ake koyar da komai, malaman gari kuma suna karantar da Larabci da addini. Buƙatar littattafan karantarwa ce ta sa Ɗan Hausa ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912.

Samun ɗalibai kuwa sai da aka sha fama. Iyaye na ganin makarantar Nasara hanya ce ta raba yaro da addininsa, ga shi kuma kowa ya san shugabanta ya taɓa aikin mishan. Sai aka bi ta hannun sarakuna: kowane lardi ya aiko da nasa kason. Wasu hakiman suka ɓoye 'ya'yansu suka tura 'ya'yan bayi da na barori a madadinsu. Waɗansu daga cikin yaran nan da aka tura don a fanshi ɗan maigida, su ne daga baya suka riƙe alƙalami a ofisoshin En'e, ɗan maigida na zuwa gaishe su. Zuwa 1913 ɗaliban Nassarawa sun ɗan haura 200, daga lardunan Kano da Borno da Muri da Yola da sauransu. A daidai lokacin, ƙididdigar Turawa ta nuna makarantun allo kusan 25,000 a Arewa, da almajirai sama da 200,000. Wato makarantar gwamnati ɗigo ce a cikin kogi.

Ƙwazon ɗalibi a wancan zamani ba da takardar sakamako ake gane shi ba, da aikin hannunsa ake gani. Wanda ya fito zai rubuta wasiƙa, ya riƙe littafin kuɗi a baitulmali, ko ya shiga cikin malaman taki masu auna gonaki da ƙafa don yanka haraji. A nan ma iyakar makarantar take. Ma'aikata aka nufa da ita, ba ilimantar da talakawa ba, kuma babu mace ko ɗaya a ajin. Sai wajen 1930 aka buɗe wa 'yan mata makarantu a Kano da Katsina.

Da yaƙin duniya ya ɓarke a 1914, Ɗan Hausa ya tafi, makarantar kuma ta watsu kamar iri. Malaman da ta yaye suka koma garuruwansu suka riƙe makarantun lardi a Sakkwato da Katsina da Zariya da Bida. A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Sai makarantun midil, sai elemantaren ƙauyuka a ƙarƙashin En'e. A watan Satumba na 1976 shirin ilimin firamare ga kowa ya buɗe ƙofa gaba ɗaya, yara suka yi ambaliya, aka shiga neman malamai ido rufe. A 2019 Kano ta mayar da karatun firamare kyauta kuma dole, a 2024 kuma gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi.

Matsalar ta juya baya. Jiya hakimi ke farautar yaro, yau hedimasta ke rasa inda zai zaunar da shi, kuma ana samun ɗan aji shida da ba ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen uwarsa. Makarantar Nassarawa ta rufe ƙofa ga mafi yawan yaran zamaninta, wannan ba abin koyi ba ne. Amma ba ta kira yaro ko ɗaya ba sai da ta tanadi wanda zai tsaya a gabansa da alli.