Makaɗi Ba Ganga: Tarihin Mai Haɗa Kiɗa da Na'ura a Kaduna

A ƙasar Jamus an daɗe da sanin makaɗin da ba ya riƙe ganga, watau wanda ake kira DJ. Paul van Dyk, wanda aka haifa a 1971, ya tashi a Balin ta Gabas yana satar sauraron rediyon Yamma. A 1991, bayan faɗuwar katangar birnin, ya fara juya faifai a gidan rawa na Tresor, har mujallar DJ Mag ta zaɓe shi gwanin duniya a 2005 da 2006. Rediyo ce makarantarsa, taron 'yan rawa kuwa shi ne ubangidansa.

Wannan takarda tana ganin Kaduna ce garin Arewa da ya fi dacewa da irin wannan makaɗi. Dalili kuwa shi ne, tun da aka dawo da hedikwata daga Zungeru a 1917, gari ne na ma'aikata da sojoji da baƙi, ba fadar sarkin da makaɗi zai jingina da ita. Abin da ya tsaya a madadin fada shi ne Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962. Ta nan kalangun Mamman Shata ya shiga gidajen da bai taɓa takawa ba.

Bala Miller ya ɗora a 1977, sa'ad da ya kafa ƙungiyar Pyrameeds, suna wasa a kulob ɗin Costain, arewa da kogi. Amma fa nasa aikin taron dangi ne: masu busa, masu jita, masu ganga, kowa da albashinsa. Kafin ya rasu a 2003, fiyanon Yamaha ya riga ya haɗiye wannan taro a ɗakunan kiɗan fim na Kano.

Haruna Abdullahi, watau DJ AB, ɗan Kaduna na ƙungiyar Yaran North Side, shi ya gaji wannan sauyi. Shi ke haɗa kiɗan a kwamfuta, shi ke rera waƙar, intanet kuma ta kai masa ita kasuwa. Sai dai a lura, sunan DJ bai sa ya bi hanyar Bajamushen ba. Can kiɗa ake sayarwa, ko ba murya. Nan kuwa Bahaushe bai yarda da kiɗan da ba magana a cikinsa ba, don haka baki ne ya ɗaukaka Haruna, da Hausar samarin Kaduna mai gauraye da Turanci. Da ita ya shiga kamfanin emPawa na Mr Eazi a 2021.