Lilon Dawakai: Tarihinsa da Masu Yawon Nemansa

Lilon dawakai wani faffaɗan dandamali ne da ke kewaya a kan ginshiƙi guda, wanda ake jera wa dawakan itace masu sirdi da linzami, mutane su hau yana juyawa da su ana kiɗa, kuma Faransawa na ce masa carrousel. Asalinsa yana komawa ne ga wasannin barade a fadojin Turai, inda mahayi kan saki doki da sukuwa yana ƙoƙarin tsire wani zobe da aka rataye da tsinin mashi. Mafi shahara cikin waɗannan bukukuwa shi ne wanda Sarki Louis na 14 ya shirya a Paris a watan Yunin 1662, a filin da har yau ake kira Place du Carrousel. Tun kafin wannan biki, a 1620, wani matafiyi ɗan Ingila, Peter Mundy, ya bayyana wani lilo mai kewaya da ya gani a garin Filibe, wato Plovdiv ta Bulgariya a yau, irin wanda ake hawa lokacin bikin salla a ƙarƙashin Daular Usmaniyya.

Mutumin ƙasar Hausa ba zai sha wahalar gane tushen abin ba, domin hawan salla na Katsina da Kano da Maraɗi da Tasawa ɗan'uwan waɗancan bukukuwa ne, inda sarki da hakimai ke fitowa da dawakai cikin ado, a yi sukuwa a kai jafi. Dokin kara kuwa, wanda yaran karkara suka sani, buƙata ɗaya yake biya da dokin lilo, wato ya bai wa wanda bai mallaki doki ba ɗanɗanon hawa. A ƙasar Hausa hawan salla na nan da ransa, har hukumar UNESCO ta sanya na Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. A Turai kuwa dokin itace ne ya gaji filin.

Da farko mutane ko dawakai na gaske ne ke juya dandamalin, kuma lilon da aka kammala a 1780 a Wilhelmsbad da ke Hanau ta Jamus, wanda ake ɗauka mafi tsufa cikin waɗanda ke tsaye a mazauninsu, irin wannan ne. Injin tururi ya shigo harkar a Ingila a wajajen 1861, sannan Frederick Savage na King's Lynn ya inganta dabarar da ke sa dawakan su riƙa tashi suna sauka. Sana'ar ta fi bunƙasa a Amurka a hannun baƙin masassaƙa, irin su Gustav Dentzel, Bajamushen da ya zauna a Filadelfiya, da Charles Looff, wanda ya kafa lilo a Coney Island a 1876. Masassaƙan sukan zuba ƙwarewarsu a gefen dokin da ke fuskantar ƴan kallo, su bar na ciki kusan fili, abin da ke nuna cewa lissafin kasuwa bai taɓa nisa da gizagonsu ba. Lilon Ingila yana bin hannun agogo, na Amurka kuma akasin haka, don haka gefen da aka ƙawata ya isa ya nuna inda aka sassaƙa doki.

Karyewar tattalin arziki ta 1929 ce ta durƙusar da masana'antun, daga baya gobara da ambaliya suka ci wasu, dillalai kuma suka wargaza wasu suna sayar da dawakan ɗaiɗai ga masu tara kayan tarihi, ta yadda cikin dubban da aka ƙera a Amurka, na itace da suka rage suna aiki ba su kai 200 ba. Wannan asara ce ta haifar da ƙungiyar National Carousel Association a 1973, wadda ke riƙe da ƙididdigar waɗanda suka tsira, take kuma shirya taron shekara-shekara inda mambobi ke bi gari-gari suna hawa. Masu wannan sha'awa sukan nufi Hanau, da gidan tarihi na Musée des Arts Forains a Paris, da lilon Flying Horses na Oak Bluffs a jihar Massachusetts, wanda aka ƙera a 1876. A wannan na ƙarshe har yanzu mahaya na miƙa hannu su fizgi zobba yayin da ake kewayawa, kuma wanda ya dace da zoben tagulla ana ba shi zagaye ɗaya kyauta.