Cinikin 10 ga Agusta, 2012: ƙungiya huɗu, 'yan wasa 12, wa ya ci riba?

Yau za mu leƙa Amurka, gasar ƙwallon kwando ta NBA. Wanda bai taɓa kallon wasan ba kada ya tashi, domin abin da ya kai mu can ciniki ne, kuma ciniki kowa ya san shi. Mun zaɓi wannan ne saboda tambayar da ke damun duk mai son rubuta tarihi: a wace rana ake yanke wa abu hukunci? Ranar da ya faru, ko bayan shekara, ko bayan goma?

Sai mun fara gyara wani abu, tunda yawancinmu da ƙwallon ƙafa muka saba. A can kulob kan zube kuɗi ya ɗauki ɗan wasa. A NBA ba ni gishiri in ba ka manda ake yi, kwantiragi a bakin kwantiragi. Akwai iyakar albashin da aka ƙayyade wa kowace ƙungiya, kimanin dala miliyan 58 a kakar 2012-13, kuma ƙungiyar da ta haura iyakar dole albashin da za ta karɓo ya yi kusa da wanda ta fitar. Ana kuma sa gurbin zaɓen sababbin 'yan wasa na shekaru masu zuwa a cikin ciniki, kamar mutum ya sayar da amfanin gonar da bai shuka ba. Shi ya sa ƙungiya biyu kan kasa daidaitawa sai an jawo ta uku, wani lokaci har ta huɗu, wadda ke son abin da ɗaya ta ƙi.

Mai jawo rigimar shi ne Dwight Howard na Orlando Magic. Shi aka fara zaɓa a 2004, ya kai Orlando wasan ƙarshe a 2009, ya ci kyautar gwarzon mai tsaron baya sau uku a jere daga 2009 zuwa 2011. A Disamban 2011 ya ce a sayar da shi, Nets yake so. A Maris 2012 ya sauya ra'ayi ya amince ya ƙara shekara ɗaya. A Afrilu kocinsa Stan Van Gundy ya faɗa wa 'yan jarida cewa Howard ya nemi a kore shi, a watan kuma aka yi wa Howard tiyata a baya. Kafin Mayu ya ƙare an sallami kocin, babban manaja Otis Smith shi ma ya tafi, sannan aka ɗauko Rob Hennigan, matashi ɗan shekara 30, aka miƙa masa wannan ƙulli. Mutanen Orlando ba su manta da 1996 ba, lokacin da Shaquille O'Neal ya tafi Lakers bai bar musu ko allura ba. Tsoron maimaita wannan ne ya sa dole a sayar.

Ga yadda aka raba. Los Angeles Lakers ta karɓi Howard da Earl Clark da Chris Duhon. Philadelphia 76ers ta karɓi Andrew Bynum daga Lakers da Jason Richardson daga Orlando. Denver Nuggets ta karɓi Andre Iguodala daga Filadelfiya. Ita kuwa Orlando ta kwashi mutum shida: Arron Afflalo, Al Harrington, Nikola Vučević, Maurice Harkless, Josh McRoberts da Christian Eyenga ɗan Kwango, haɗe da gurbin zaɓe na zagayen farko guda uku masu sharuɗɗa da wasu na zagaye na biyu. A ranar Iguodala da Kobe Bryant suna Landan wurin gasar Olamfik, a cikin tawagar Amurka da ta doke Najeriya 156 da 73 kwana takwas kafin nan.

Hukuncin ranar farko bai da wuyar faɗa. An ce Lakers ta yi sa'a: ta samu Howard ba ta rabu da Pau Gasol ba, ga Steve Nash da ta ɗauko wata ɗaya baya, ga Kobe. An yaba wa Filadelfiya da ta samu Bynum, ɗan shekara 24, wanda ya gama kaka da maki 18.7 a kowane wasa. Orlando ce ta sha dariya. Manyan 'yan wasa uku sun sauya gida, kuma ita da ta ba da mafi girma ba ta samu ko ɗaya ba.

Shekara ɗaya kacal ta rushe wannan lissafin duka.

Lakers ta ci wasa ɗaya a biyar na farko, aka kori koci Mike Brown, aka kawo Mike D'Antoni wanda salonsa na gudu bai dace da tsofaffin ƙafafu ba. Howard bai gama warkewa daga baya ba, kafaɗa ta ƙara masa, tsakaninsa da Kobe kuma ba daɗi. Mai ƙungiyar, Jerry Buss, ya rasu a Fabrairu 2013. Ranar 12 ga Afrilu jijiyar agarar Kobe ta tsinke. Sun gama da nasara 45 da rashin nasara 37, San Antonio ta share su 4 da 0 a zagayen farko. A Yuli Howard ya tafi Houston a kan dala miliyan 88 na shekara huɗu, ya bar kuɗin da ya fi haka a Los Angeles. Lakers ta yi kaka shida a jere ba ta shiga wasannin fitar da gwani ba.

Duk da haka, mu ba ma cikin masu cewa wannan cinikin ne ya kashe Lakers. A duba abin da ta bayar. Howard ya buga mata wasa 76, ya fi kowa a gasar cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando, 12.4 a wasa. Bynum da ta saki, wasa 26 ya ƙara bugawa a duk rayuwarsa. Da ta riƙe shi, da ita ce za ta ɗauki asarar da Filadelfiya ta ɗauka.

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin labarin Filadelfiya ne ya fi ciwo. Kafin cinikin ƙungiya ce mai ɗan ƙarfi, ta fitar da Chicago a 2012 ta kai Boston wasa na bakwai. Shugabanninta suka ga haka ba zai kai su ga kofi ba sai da babban tauraro, kuma ba su yi ƙarya ba. Suka ba da Iguodala, wanda ya yi musu shekara takwas, suka ba da Vučević da Harkless, matasa biyu da suka zaɓa a 2011 da 2012, suka ɗora gurbin zaɓe a kai. Bynum bai buga musu wasa ko ɗaya ba. Gwiwa ta hana shi fara kaka, a Nuwamba ya ƙara fama ɗaya gwiwar a wurin wasan mirgina ƙwallo na nishaɗi, a Maris aka yi masa aiki a duka biyun. Ya karɓi albashin sama da dala miliyan 16, kwantiraginsa ya ƙare, ya tafi Cleveland.

Shin ƙaddara ce ko ganganci? Mun fi karkata ga ganganci, kuma ba don mun ga ƙarshen labarin ba. A shekara bakwai da Bynum ya yi a Lakers sau ɗaya tak ya buga wasa 82 cif, an sha yi masa aiki a gwiwa, ga shi saura shekara ɗaya a kwantiraginsa. Duk wannan a bayyane yake ranar 10 ga Agusta. Orlando ta gani ta ƙi shi, wanda shi ne ma dalilin da ya sa aka nemo Filadelfiya. Cinikin biri a sama ne, an kuma biya da matasa. Marubuci yana da damar ɗora wa mutum laifin abin da ya sani ya take. Abin da ba shi da dama shi ne ya ɗora masa laifin abin da babu mai iya sani, irin tsinkewar jijiyar Kobe.

Abin da ya biyo baya ya fi cinikin girma. Sun gama da 34 da 48, koci Doug Collins ya ajiye aiki, aka kawo Sam Hinkie a Mayun 2013. Shi kuwa ya yanke shawarar rushe gidan gaba ɗaya: a sayar da manya, a yi ta shan kashi, a tara gurabun zaɓe na sama. Nasara 19, sai 18, sai 10 a kaka uku. Daga cikin wannan wahalar aka zaɓi Joel Embiid ɗan Kamaru a 2014, wanda ya zama gwarzon gasar a 2023. Za a iya cewa gwiwar Bynum ce ta haifi Embiid, amma mu yi hattara da irin wannan jimla. Tana da daɗin karantawa, sai dai tana mayar da asara tamkar dabara, alhali waɗanda suka yi cinikin ba haka suka nufa ba, kuma ba su ne suka girba ba.

Denver tana da alaƙa da mu. Babban manajanta a lokacin Masai Ujiri ne, wanda aka haifa a Ingila ya tashi a Zariya, can ya fara ƙwallon kwando. Shi kansa Iguodala mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Ujiri ya shiga cinikin a matsayin na gefe, ya fita da ɗan wasan da ya fi duka ba da amfani nan take: nasara 57, wasa 38 cikin 41 a gida, George Karl ya zama gwarzon koci, Ujiri gwarzon manaja. Sai Danilo Gallinari ya ji ciwo a gwiwa a Afrilu, Golden State ta fitar da su 4 da 2. Cikin wata uku Ujiri ya koma Toronto, an kori Karl, Iguodala ya koma wurin waɗanda suka doke shi.

To ga wani abu da lissafin ƙungiya huɗu ba ya nunawa. Golden State ba ta cikin cinikin, amma ita ce ta ci moriyar Iguodala: gwarzon wasan ƙarshe a 2015, kofi huɗu a 2015, 2017, 2018 da 2022. Idan aka tilasta mana mu ambaci wanda ya fi riba, muna ganin sunanta ya cancanci shiga, ko da ba ta zauna a teburin ba.

Saura Orlando. Kakar farko ta zo ta ƙarshe a gasar, 20 da 62. Amma Vučević, wanda aka ɗauka gyara ne aka ɗora a kan ciniki, ya cafke ƙwallo 29 a wasa da Miami ranar 31 ga Disamba, 2012, ya karya tarihin O'Neal a ƙungiyar. Ya yi shekara takwas da rabi a can, an zaɓe shi wasan taurari a 2019 da 2021. A Maris 2021 aka sayar da shi ga Chicago, aka samo Wendell Carter Jr. da gurbi biyu, ɗaya ya zama Franz Wagner. Kafin Yulin 2013 ya ƙare babu ɗaya cikin taurarin nan uku da ya rage inda aka kai shi, amma Orlando ta ci gaba da cin gajiyar rabonta shekara goma da ɗoriya. Da wannan ake cewa ita ta yi nasara, kuma da gaskiya a ciki.

Sai dai kada mu wuce gona da iri. Gurbin nan uku da aka yi ta ambato sun narke. Na Denver ya zama na 12 a 2014, Orlando ta haɗa shi da na Filadelfiya ta mayar wa Filadelfiya don ta samu Elfrid Payton. Na Lakers sharuɗɗa suka cinye shi ya koma gurbi biyu na zagaye na biyu. Ƙungiyar ta yi kaka shida ba ta shiga wasannin fitar da gwani ba, aka kori Hennigan a 2017 kafin ya ga Vučević a wasan taurari. Da suka dawo a 2019, Toronto ta Ujiri ce ta fitar da su a kan hanyarta ta cin kofi. Duk zaman Vučević ba su taɓa tsallake zagayen farko ba. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, mu kuma ga shi mun jira, yabon da ya fito ɗan kaɗan ne.

Howard ya yi ta yawo, Houston, Atlanta, Charlotte, Washington, har ya koma Lakers a 2019 a kan ƙaramin kwantiragi, mai jiran canji. Annobar korona ta sa aka killace ƙarshen kakar a harabar Disney, a gefen birnin Orlando. A can Milwaukee ta fitar da Vučević da ƙungiyarsa a watan Agusta. Ranar 11 ga Oktoba, 2020, Lakers ta doke Miami 106 da 93 a wasa na shida, Howard ya ɗaga kofinsa na farko kusa da garin da ya matsa sai ya bari, Iguodala kuma yana sanye da rigar Miami. Bynum a lokacin ya shekara shida da barin wasa.