Kuɗi da wasiƙa a ambulan ɗaya: yadda Sinawa suka riƙe zumunci daga nesa

Wata rana cikin watan Janairu, ƙanena da ke sayar da kayan gyaran babura a babbar kasuwar Maraɗi ya shigo gidana ransa a ɓace. Ya biya kuɗin kaya a Gwanzu, sai aka ce masa ba za a ɗora su ba sai bayan sati uku ko huɗu, domin masana'anta ta rufe, ma'aikata duk sun watse garuruwansu. Ya ce mini, "Yaya, kai da ke karantar da tarihi, wane irin biki ne wannan da zai sa mutum ya bar neman kuɗi wata guda cur?" Tambayarsa ce ta kai ni ga abin da zan kawo muku yau, kuma ina ganin akwai abin da mu malamai da iyaye za mu tsinta a ciki.

Bikin shi ne sabuwar shekarar gargajiya ta Sin, wanda su ke kira Chunjie, wato bikin bazara. Da wata ake lissafinsa, amma ana daidaita shi da tafiyar rana, shi ya sa kullum yake faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A shekara ta 104 kafin haihuwar Annabi Isa ne sarki Wu na daular Han ya kafa kalandar da ta tsayar da watan da shekara ke farawa da shi. Ke nan sama da shekara 2,000 mutanen suna da rana sananniya ta komawa gida.

Zuciyar bikin ita ce abincin daren jajibiri. Kakanni da ƴaƴa da jikoki su zauna a teburi guda. A arewacin ƙasar ana naɗa jiaozi, ƙullin alkama da ake cusa wa nama da ganye, kowa da hannunsa a aikin. A kudu an fi yin niangao, wani abinci mai danƙo na garin shinkafa. Kifi ba ya rasuwa a teburin, saboda a harshensu kalmar kifi da kalmar rara sautinsu ɗaya, kuma akan rage shi da gangan don rarar ta kwana zuwa sabuwar shekara. Manya su ba yara kuɗi cikin jan ambulan, a raba dare ana hira. Kashegari a gai da dangin miji, rana ta biyu matar aure ta je ganin gida da mijinta da ƴaƴanta. Sai ranar 15 ake rufewa da bikin fitilu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, a gidaje da yawa, wanda bai samu zuwa ba ana aje masa kujerarsa da kwanonsa da sandunan cin abincinsa, kamar yanzu zai yi sallama ya shigo.

Hukuma ta sha gwada ƙarfinta da wannan al'ada. Da aka kawar da sarauta aka kafa jamhuriya a 1912, sai aka ɗauki kalandar Turawa, aka ba 1 ga Janairu sunan sabuwar shekara. Tsohon bikin kuma aka raɗa masa sunan bikin bazara a 1914. A ƙarshen shekarun 1920 gwamnatin Kuomintang ta hana shi baki ɗaya, ta ce alama ce ta ci baya. Jama'a suka ci gaba da abinsu a cikin gida, har a 1934 gwamnati ta haƙura. A 1967, zamanin Mao, aka soke hutun aka ce kowa ya tsaya bakin aikinsa. Sai 1980 aka maido shi. Sau biyu doka ta hana, sau biyu mutane suka jira dokar ta wuce.

To, wanda teku ya raba da gida fa? Nan ne tarihin ya fi nauyi. A ƙarni na 19 talauci da yaƙe-yaƙe da ƙarancin gona suka kori maza da yawa daga lardunan Guangdong da Fujian na kudancin ƙasar. Mafi yawansu suka nufi Singafo da Malaya da Siyam (Tailan ta yau) da tsibiran Indonesiya, suna haƙar kuza, suna tatsar roba, suna dako a tashar jiragen ruwa. Wasu suka tsallaka Amurka bayan an gano zinariya a Kalifoniya a 1848, har suka sa wa wurin suna Dutsen Zinariya. Sinawa sama da 10,000 ne suka fasa duwatsu wajen shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa gabas da yammacin Amurka, wadda aka gama a 1869. Ladan da suka samu shi ne dokar 1882 da ta rufe wa leburorin Sin ƙofar shiga ƙasar, kuma ba a soke ta ba sai 1943. Namiji yana can, mata da ƴaƴa suna ƙauye. Akwai matan da suka yi ƴan watanni da miji bayan aure, ba su sake ganinsa ba sai da furfura, wasu ma har abada.

Abin da ya riƙe waɗannan gidaje shi ne qiaopi. Wasiƙa ce da kuɗi a haɗe: adadin kuɗin a rubuce a bayan ambulan, maganar a ciki. Da farko wasu fatake ne ke ɗaukar ta, ana ce musu shuike, wato baƙin ruwa. Mutum ya bi ma'adinai da gonakin roba yana karɓar saƙon ƴan garinsu, ya shiga jirgi, ya bi ƙauye ƙauye yana miƙawa hannu da hannu. Daga baya aka buɗe shaguna na musamman masu rassa a ƙetare da gida, su kuma suna da ƴan aike masu tafiya a ƙasa. Galibin masu aikowa da masu karɓa ba su iya karatu ba, don haka akwai masu sana'ar rubuta wasiƙa a bakin titi, kuma sau da yawa ɗan aiken ne zai karanta wa tsohuwa abin da ɗanta ya ce. Aiki bai cika ba sai an koma da huipi, wato amsa: kuɗi sun iso, ga kuma halin da gida ke ciki.

Abubuwan da ke cikin waɗannan takardu na yau da kullum ne. Kaza a ba uwa, kaza a ba mata, kaza na makarantar yaro, kaza na gyaran kabarin kakanni. A tambayi lafiyar wanda ke ciwo, a ja kunnen yaro kan karatu, a ba da shawara kan auren ƴa. Kuma ƙarshen shekara ne lokacin da saƙo ya fi yawa, domin ko lebura ya ci bashi sai ya aika da abin da za a yi abincin jajibiri. Tun da ƙafarsa ba za ta taka gidan ba, takardarsa ce za ta zauna a madadinsa.

An san darajar wannan hanya ranar da ta yanke. Japan ta kama tashar jiragen ruwa ta Shantou a 1939, daga ƙarshen 1941 kuma ta mamaye Hon Kon da ƙasashen da leburorin suke. Saƙo ya tsaya. Da fari ya zo a 1943, yankunan da suka dogara da kuɗin ƙetare, irin Taishan da Chaoshan, suna cikin waɗanda yunwa ta fi yi wa ɓarna. A cikin wannan hali wasu ƴan aike suka buɗe wata hanya ta ƙasa, ta Biyetnam zuwa garin Dongxing na kan iyaka, suna ratsa duwatsu da kuɗin mutane a jikinsu. Sana'ar ta rayu har 1979, lokacin da aka shigar da ita cikin Bankin Sin. A 2013 UNESCO ta sa takardun qiaopi sama da 160,000 cikin kundinta na abubuwan tarihin duniya.

Kuɗin ba ciki kaɗai suka cika ba. Tan Kah Kee, wanda ya yi arziki da roba a Singafo, ya buɗe makarantar firamare a ƙauyensu Jimei a 1913, sannan ya kafa jami'ar Xiamen a 1921. Ko mutuwa ba ta raba mutum da gida a wurinsu: asibitin Tung Wah na Hon Kon ya yi shekaru da yawa yana karɓar ƙasusuwan waɗanda suka rasu a Amurka da sauran ƙasashe, yana tura su ƙauyukansu a binne.

Akwai kuma rabuwar da siyasa ta jawo. A 1949, da Kuomintang ta sha kaye, sojoji da fararen hula da yawa suka tsallaka Taiwan suna zaton shekara ɗaya ko biyu za su yi. Aka hana zuwa, aka hana wasiƙa kai tsaye. Mai son gai da uwarsa sai ya bi ta hannun wani a Hon Kon. Sai a watan Nuwamban 1987 aka ba da izinin ziyarar dangi, bayan shekara 38. Da yawa kabari suka tarar.

Yanzu mu koma kan ma'aikatan da suka ɓata wa ƙanena rai. Bayan gyaran tattalin arziki da Deng Xiaoping ya fara a 1978, mutanen karkara suka kwarara zuwa masana'antun birane. Yau sun kai kimanin miliyan 300. Amma tsarin rajistar gida na hukou, da aka kafa a 1958, ya ɗaure wa mutum haƙƙin makaranta da asibiti a inda aka yi masa rajista. Saboda haka iyaye da yawa suka bar yara hannun kakanni. Rahoton ƙungiyar matan Sin na 2013 ya ƙiyasta yaran karkara da uwa ko uba ko duka biyun suka tafi aiki nesa sun kai miliyan 61. Ga da yawa daga cikinsu, bikin bazara ne kaɗai lokacin ganin iyayen da ke nesa a shekara. Shi ya sa ake da chunyun, kwana 40 na zirga-zirga, wanda kafin annobar korona akan ƙidaya tafiye-tafiye kusan miliyan dubu 3 a cikinsa. A 2008, da ƙanƙara ta tsayar da jirage, mutane dubu ɗaruruwa suka yi kwanaki a tsaye a tashar Gwanzu, ba su fasa ba. A 2020 aka rufe birnin Wuhan ranar 23 ga Janairu, kwana biyu kafin bikin, kuma wasu da ke ƙetare ba su ga gida ba sai da aka buɗe iyakoki a Janairun 2023.

Kayan aiki sun canza. Tun 1983 gidan talabijin na ƙasa ke nuna shirin daren jajibiri, iyalai na kallo a gida da waje a lokaci guda. Tun 2014 ana tura jan ambulan ta WeChat. Sinawan da aiki ya riƙe a matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, sabuwar shekara na shigar musu da ƙarfe 5 na yamma agogonmu, domin Bejin ta riga mu da awa 7. Amma tsarin na nan yadda kakanninsu suka bari: a aika da kuɗi, a haɗa da magana, kuma a san ranar.

Ni kaina na taɓa zama ɗan aike irin wannan. Ina aji shida a lakwal, matan unguwarmu kan kira ni in karanta musu wasiƙun mazajensu daga Abijan da Legas, in rubuta amsa. Wasiƙar kan yi wata a hanya, amma takan ambaci kowane yaro da sunansa. Yau kuɗi na isowa cikin minti biyar, sai lamba kawai ta shigo waya. A ajina na bana akwai yaran da ubanninsu ke cin rani a Libiya da Aljeriya da Kwaddebuwa. Na tambayi wani yaro yaushe rabonsa da jin muryar babansa, ya ce babansa da mamansa yake magana, shi sai dai a ce yana gaishe ka. An biya masa kuɗin littafi, amma uban bai san ajin da yake ba.

Ba na cewa Sinawa sun gama da wannan matsala. Yara miliyan 61 da suka tashi ba uwa ko uba a kusa shaida ne cewa ganin shekara-shekara bai isa ba. Sai dai leburan da bai iya rubuta sunansa ba ya biya wani ya rubuta masa tambaya kan karatun ɗansa, ya kuma jira amsa wata da watanni. Mu da muke da waya a aljihu ba mu da uzurinsa.

Roƙona ga iyayen da ke nesa: duk ranar da kuka tura kuɗi, ku ce a miƙa wa yaro waya, ku tambaye shi abin da ya koya da sunan malaminsa. Ku sa ranar dawowa wadda yaro zai iya ƙirgawa, Sallah ce ko faɗuwar damina, ku kuma yi ƙoƙarin cika ta. Mu malamai, darasin rubuta wasiƙa yana cikin tsarin karatu tun da daɗewa. Maimakon yaro ya rubuta wa aboki na ƙirƙira, ya rubuta wa babansa, a ɗauki hoton takardar a tura masa. Na gwada a bana. Uba uku suka amso, ɗaya da saƙon murya mai tsawon minti huɗu, kuma yarinyar ta roƙi in bari ƴan ajin su saurara.

Ƙanena kuwa, kayansa sun iso cikin watan Afrilu. Bana tun Nuwamba ya yi odarsa.