Aikin jinga a zamanin intanet: yadda ake farawa da yadda ake ɗaukar mai yin sa

Mai aikin jinga shi ne wanda ke sayar da gwanintarsa aiki bayan aiki, ba tare da ya zama ma'aikacin kowa ba. Ƴan boko na kiran sa firilans, takardun ofis kuma na rubuta "prestataire" ko "travailleur indépendant". Tsarin kansa tsoho ne a ƙasar Hausa: magini ya yi jingar ɗaki, tela ya yi jingar ɗinkin anko, a ba shi kafin alƙalami, ya gama, a biya shi ciko. Abin da ya sauya shi ne irin ayyukan. Yau ana jingar zanen tambarin shago, fassara daga Faransanci zuwa Hausa ko Zabarmanci, ɗaukar bidiyon biki, kula da shafin Facebook na kamfani, lissafin ƙarshen shekara, ko tattara bayanai a ƙauyuka domin ƙungiyoyin agaji. Da yawa daga cikin masu yin su matasa ne da suka fito daga jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, André Salifou ta Damagaram ko Djibo Hamani ta Tawa, suka gaji da jiran aikin gwamnati.

Kayan aikin sun zama na zamani, amma cinikin yawanci da baki ake ƙulla shi har yanzu, kuma a nan ne mafi yawan rigimar take fitowa.

Ba ma'aikaci ba ne

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, tana ɗaukar mutum ma'aikaci idan yana aiki ƙarƙashin jagoranci da ikon wani, ana biyan sa. Wannan ikon shi ne ma'auni. Wanda aka ƙayyade masa lokacin zuwa da na tashi, aka ba shi tebur a ofis, yake neman izini kafin ya fita, ma'aikaci ne ko da an rubuta masa wani suna a takarda. Yana da haƙƙin hutun shekara, da rajista a asusun CNSS, da wa'adi kafin sallama. Mai jinga ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da aka saya a wurinsa shi ne aikin da ya kammala. Yadda ya raba lokacinsa, da kayan da ya yi aiki da su, da sauran mutanen da yake yi wa aiki, duk ruwansa ne.

Wasu masu kamfani na sa wa ma'aikacin wata sunan "prestataire" don kauce wa kuɗin CNSS. Dabara ce mai tsada idan ta ɓaci, domin in magana ta kai gaban sufetan ƙwadago ko kotu, yadda aka yi zaman aikin ake dubawa. Shi ma mai jinga ya san inda yake tsaye: in ya kwanta ciwo ba albashin da ke jiran sa, in babur ya kayar da shi a hanyar kai aiki shi zai biya asibiti.

Farawa

Wanda ya ce ya iya komai, zane da fassara da gyaran kwamfuta da ɗaukar hoto, ba kasafai ake tuna shi ba ranar da ake neman gwani. Sana'a ɗaya da aka san mutum da ita ta fi saurin kawo aiki. Bayan ta sai abin nunawa: ayyuka uku ko huɗu da aka gama da kyau, a ajiye cikin salula, a iya tura su ta WhatsApp cikin minti ɗaya. Ɗan kasuwa a babbar kasuwar Maraɗi ba zai tambayi takardar digiri ba, zai ce a nuna masa wanda aka yi wa wani.

Aikin farko daga sanayya yake zuwa, daga ɗan uwa, abokin karatu ko maƙwabci, kuma da shi ne tarkon "yi mini, ai mu ɗaya ne" yake zuwa. Yin aiki ɗaya kyauta don samun abin nunawa ba laifi ba ne, muddin an faɗa a fili cewa kyauta ce, an kuma faɗi kuɗinsa na gaskiya, don kada na biyu ya zo da tsammanin haka.

Wajen yanke farashi sababbi ke cutar kansu. Suna ƙirga awannin da suka zauna gaban kwamfuta kaɗai, su mance kuɗin intanet, man babur, kai da kawo wajen mai aiki, da kwanakin da babu aiki ko kaɗan. Alal misali, wanda ke buƙatar jika 150 a wata don ya riƙe kansa da kayan aikinsa, kuma ya san kwanaki 12 kacal yake samun aikin biya a wata, to yininsa bai kamata ya gaza jika 12 da rabi ba. Sai a haɗa da lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, sa'ilin da ɗaukewar wutar NIGELEC ke yawaita. Wanda ba shi da batir ko faranti mai aiki da hasken rana ya ƙara kwanaki a kan wa'adin da zai bayar.

Takardun hukuma

Ana iya shekara ana aiki da masu shaguna babu wanda ya nemi takarda. Ranar da ƙungiyar agaji, banki ko ma'aikata za ta ba da aiki, abu na farko da akawunta zai tambaya shi ne NIF, lambar mai biyan haraji da hukumar DGI ke bayarwa. Sau da yawa ana haɗawa da RCCM, rajistar ƴan kasuwa. A Yamai, Maison de l'Entreprise ce ke haɗa waɗannan takardu a wuri guda, a jihohi kuma ana farawa daga ofishin Chambre de commerce.

Nijar na cikin ƙasashen OHADA masu dokar kasuwanci iri ɗaya. Gyaran da aka yi wa dokar a Lome a watan Disamba 2010 ya kawo matsayin "entreprenant", wanda aka tanada domin mai ƙaramar sana'a shi kaɗai: yana bayyana sana'arsa ne kawai a rajista, lissafin da ake nema daga gare shi kuma bai wuce littafin shiga da fitar kuɗi ba.

Tsoron lanho ne ke hana mutane da yawa yin NIF, amma rashinsa ma ba ya kuɓutar da kowa. Manyan masu ba da aiki na cire wani kaso daga kuɗin mai jinga su zuba wa hukumar haraji, kuma kason da ake cire wa marar NIF ya fi na mai shi. Ya kamata a karɓi takardar shaidar abin da aka cire. A kuma tambayi akawu tun farko wace irin faktir suke karɓa, domin tun da DGI ta shigo da tsarin faktir mai tantancewa na SECeF, akwai wuraren da ba sa biya a kan wadda aka buga a shagon kwamfuta. Harajin TVA kashi 19 ne cikin 100, amma ba kowane ƙaramin mai sana'a ke da hurumin ɗora shi a kan faktir ba. Ya danganta da rukunin harajin da aka sa shi.

Takardar jinga

Shafi ɗaya ya isa, ba sai an je wajen lauya ba. Abin da ake bukata shi ne ta amsa tambayoyin da za su taso bayan wata guda, lokacin da kowa ke tuna maganar yadda ta yi masa daɗi.

Ta fara da aikin kansa, da adadi. "Bidiyon talla" bai faɗi komai ba. "Bidiyo ɗaya na minti 2, da Hausa, da rubutun Faransanci a ƙasa" shi ne jinga. Sannan yawan gyara: sau biyu ko uku a cikin farashin, abin da ya wuce haka sabon ciniki ne. Rashin wannan layi ɗaya kan mai da aikin mako ya koma na wata uku, musamman inda mai aiki ke nuna zanen ga matarsa, ƙaninsa da abokin cinikinsa, kowa na kawo nasa ra'ayi.

Kuɗi a rubuta su da lambobi, a sefa. Dalili sananne ne ga duk wanda ya taɓa ciniki a nan: a baki da dala ake ƙirga, "ɗari" na nufin sefa 500, "jika" kuma 1000, wanda ya saba da naira ko da lissafin Faransanci na iya jin wani abu dabam. Kafin alƙalami kan kama daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Yana kare mai jinga daga wanda zai fasa bayan an yi nisa, rashin biyan kuɗin duka kuma yana kare mai aiki daga wanda zai kashe salula. A babban aiki, kamar gina shafin intanet, an fi raba biyan kashi uku, kowane kashi a ɗaure shi da abin da ido zai gani an kammala. A rubuta ranar miƙa aiki da ranar biyan ciko, da wanda zai ɗauki kuɗin aike in ta Nita, Amana, Airtel Money ko makamantansu za a biya.

Saura batun mallaka, wanda kusan kowa ke mantawa. A dokar haƙƙin mawallafi, biyan kuɗin zane, hoto ko waƙar talla bai isa shi kaɗai ya mai da dukkan haƙƙin ga wanda ya biya ba. Sai an rubuta abin da aka sallama masa. Hukumar BNDA ce ke kula da wannan fanni a Nijar. Tambarin da kamfani ke son ya zama nasa shi kaɗai kuwa, ana yi masa rajista ne a OAPI mai hedkwata a Yaounde.

In takarda ta gagara, rubutaccen saƙon WhatsApp mai ɗauke da waɗannan sharuɗɗa, wanda ɗaya ɓangaren ya amsa da "na yarda", ya fi saƙon murya goma.

Ga mai ba da aiki

Farashi mafi araha shi ne wanda aka fi biya sau biyu. Kafin a zaɓi mutum, a ga aikin da ya yi, a kira wanda ya yi wa, a tambaye shi abu ɗaya: ya kawo a kan lokaci? In aikin babba ne, a fara da ƙaramin gwaji, a biya shi. Neman mutum biyar su yi zane kyauta don a zaɓi ɗaya na korar gwanaye, ya bar waɗanda ba su da abin yi.

Mutum ɗaya ne ya kamata ya riƙa magana da mai jinga a madadin kamfani. Jinkiri da yawa daga mai aikin yake fitowa, wanda bai turo hotuna ko jerin farashi ba sai kwana biyu kafin wa'adi.

Shafin Facebook, adireshin shafin intanet da lambar WhatsApp ta kasuwanci a buɗe su da sunan mai kamfani da lambarsa, sannan a ba mai jinga izinin shiga. In aka yi akasin haka, ranar da aka saɓa zai tafi da shafin da mabiyansa, kuma dawo da shi aiki ne ja. Haka ma ainihin fayil ɗin zane: hoton da aka turo ta salula ba zai yi babban allon talla ba.

Aiki daga waje

Dandalin Upwork da Fiverr da Ingilishi suke aiki, masu Faransanci sun fi zuwa ComeUp, wanda a da ake kira 5euros.com. Amfaninsu shi ne mai aiki na ajiye kuɗin a hannun dandalin kafin a fara. Suna da la'ada: Fiverr na ɗaukar kashi 20 cikin 100, yana kuma riƙe kuɗin kwanaki 14 bayan an miƙa aiki. Kafin a karɓi aikin farko a tabbatar da hanyar da kuɗin za su iso Nijar, don ba kowace hanyar biya ce ke aiki da asusun ƙasar ba. Mai iya Hausa da Faransanci sosai na da abin sayarwa da ba shi da yawan masu gasa a can, wato fassara, rubuta magana daga faifan murya, da ɗora murya.

Jinga da yuro ba ta da fargabar canji, tunda yuro ɗaya sefa 655,957 ne a tsaye, wato ɗan ƙasa da sefa 656. Naira ba haka take ba. Wanda ke Maraɗi ko Ƙonni yana yi wa ƴan kasuwar Katsina, Kano ko Sakkwato aiki ya yanke farashi a sefa, ko a rubuta cewa canjin ranar biya za a bi. Duk tayin aikin da ya nemi a fara tura kuɗin rajista ko na "buɗe dosiye" damfara ce.

In an ƙi biya

Yawancin saɓani a gaban wani babba da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa yake ƙarewa, kuma ya fi sauƙi. In bai yiwu ba, sai wasiƙar neman biya mai ɗauke da wa'adi, wadda ma'aikacin shari'a da ake kira "huissier" zai iya kaiwa. Bayan ta akwai hanyar gaggawa da dokar OHADA ta tanada, "injonction de payer": mai bin bashi ya kai takardunsa, alƙali ya duba, ya ba da umurnin biya ba tare da an fara da doguwar shari'a ba, wanda ake bi kuma na da damar ƙalubalantar umurnin. A Yamai kotun kasuwanci ce ke duba irin wannan ƙara tsakanin ƴan kasuwa, a jihohi kuma kotunan da ke wurin. Sharaɗin shi ne bashin ya samo asali daga yarjejeniya, ya tabbata, an san adadinsa, lokacin biyansa kuma ya yi. Takardar jinga, faktir da resin kafin alƙalami su ne abin da ake haɗawa da ƙarar.