Daga Igiyar Challenger zuwa Jirgin Alvin: Tarihin Binciken Zurfin Teku

Gabatarwa

Ruwan teku ya mamaye kimanin kashi 71 cikin ɗari na doron ƙasa, matsakaicin zurfinsa kuwa ya kusa mita 3,700. Hasken rana yana raunana tun daga mita 200, idan aka kai mita 1,000 kuma sai duhu ƙirin. Duk mita goma da aka nutsa, nauyin ruwan da ke danne mutum yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a nan tudu. Wannan takarda za ta bi tarihin yadda ɗan Adam ya kai ga wannan wuri, da irin jiragen da suka kai shi.

Kafin a shiga bayani, yana da kyau ɗalibi ya riƙe kalmomi uku da za a yi ta amfani da su. "Jirgin bincike" shi ne babban jirgin da ke tafiya a saman ruwa ɗauke da masana da kayan aikinsu. "Jirgin nutso" shi ne ƙaramin jirgin da ke sauka can ƙasa da mutum biyu ko uku. Ya bambanta da jirgin ƙarƙashin ruwa na sojoji, domin shi ba ya iya doguwar tafiya da ƙarfin kansa. Sai an ɗauke shi an kai shi wurin aiki, an saukar da shi, an kuma jira shi ya fito. Jirgin da ke yi masa wannan hidima za mu kira shi "jirgin goyo", tun da goya shi yake yi.

Zamanin igiya

A shekarar 1843 wani masani ɗan Birtaniya, Edward Forbes, ya bayyana ra'ayinsa cewa babu wata halitta mai rai a ƙasa da gaba 300 na ruwa. Ma'aunin da matuƙan jiragen Ingila suke auna zurfi da shi daidai yake da gabar da masu haƙar rijiya suka sani a ƙasar Hausa, wato tsawon hannuwa biyu idan mutum ya ware su, kimanin mita 1.8. Gaba 300 ke nan ta kama mita 550. Ra'ayin ya samu karɓuwa na wani lokaci, saboda babu wanda yake da hanyar zuwa ya gani.

Jirgin da ya rufe wannan magana shi ne Challenger, jirgin yaƙin Ingila da aka kwashe yawancin bindigoginsa aka mayar da wurarensu ɗakunan gwaji. Ya tashi daga Portsmouth a watan Disamba na 1872, bai dawo ba sai watan Mayu na 1876, a ƙarƙashin jagorancin masani Charles Wyville Thomson. Ya tsaya a wurare 362. A kowane wuri aikin ɗaya ne: a ɗaura ƙarfe mai nauyi a bakin igiyar rama, a sake ta har ta taɓa ƙasa, sannan a ja raga a kan laka a ga abin da za ta kwaso. Saukar da raga da jawo ta kan ci yini guda. An samo halittu fiye da 4,000 waɗanda ilimi bai san da su ba, rahoton tafiyar kuma ya cika littattafai hamsin, ba a gama buga shi ba sai 1895. Ranar 23 ga Maris 1875, kusa da tsibiran Mariyana a tekun Pasifik, igiyar ta ci gaba 4,475 kafin ta taɓa ƙasa, wato mita 8,184. Ashe sun faɗa gefen kwazazzabon da ya fi kowane wuri zurfi a duniya.

Amma duk wannan aikin lalube ne. Kamar mai zura guga ne a rijiya mai duhu, abin da gugan ya fito da shi kawai ya sani. A 1934 Amurkawa biyu, William Beebe da Otis Barton, suka shiga wani ƙwallon ƙarfe aka zura su da waya har mita 923 kusa da tsibirin Bamuda. Sun ga kifaye masu ƙyalli da idonsu, sai dai rayuwarsu tana rataye ne ga waya guda, wayar kuwa ƙara tsawonta ƙara nauyinta.

Balan-balan na cikin ruwa

Wanda ya raba jirgin nutso da igiya shi ne Auguste Piccard, masanin kimiyya ɗan Suwizalan. Abin mamaki, sama ya fara hawa: a 1931 ya kai tsawon mita 15,781 a cikin balan-balan. Dabarar balan-balan ɗin ya juyar zuwa ruwa. Ya rataye ƙwallon ƙarfen da mutane ke zama a ciki a ƙarƙashin wani ƙaton tanki cike da man fetur. Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, kuma matsi ba ya murƙushe shi kamar yadda yake yi wa iska, saboda haka shi ke ɗaga jirgin. Abin da ke nutsar da shi kuwa tarin tsakuwar ƙarfe ne da maganaɗisu mai aiki da lantarki ke riƙewa. Idan ana son tasowa sai a kashe wutar, tsakuwar ta zube, jirgi ya yi sama. Ko da batir ya mutu bisa haɗari, abin da zai faru ke nan. Wannan tunani, a ganina, ya fi duk sauran ƙirar jirgin hikima. An kira irin wannan jirgi batiskaf.

A gaɓar Afirka ta Yamma aka fara gwada shi. A 1948 an saukar da na farko babu kowa a ciki kusa da tsibiran Kap Bar, ya kai kusan mita 1,400 ya dawo, sai dai igiyar ruwa ta lalata tankin. Sojojin ruwan Faransa suka sake gina shi, ranar 15 ga Fabrairu 1954 kuma hafsoshi biyu, Georges Houot da Pierre Willm, suka sauka mita 4,050 a tekun Atlantika daura da Dakar.

Shi kuwa Piccard da ɗansa Jacques sun ƙera wani a Italiya suka sa masa suna Trieste, wanda sojojin ruwan Amurka suka saya a 1958. Tankinsa yana cin lita 85,000 na fetur. Aka yi masa sabon ƙwallo a masana'antar Krupp ta Jamus, kaurin bangonsa santimita 12.7, aka jawo shi da jirgi daga tsibirin Guwam zuwa kwazazzabon Mariyana. Ranar 23 ga Janairu 1960 Jacques Piccard da Laftanar Don Walsh suka shiga. Saukar ta ɗauki awa huɗu da minti 47. Wajen mita 9,000 suka ji wata ƙara da ta girgiza jirgin, ashe wata taga ce ta waje ta tsage. Suka ci gaba har suka dira a zurfin kimanin mita 10,900, inda nauyin ruwa a kan wuri mai faɗin farcen hannu ya wuce tan guda.

Wannan bajinta ce babu ja. To amma me aka samo? Da jirgin ya dira sai laka ta turnuƙe, ba a iya ɗaukar hoto ko ɗaya ba. Minti ashirin suka yi suka taso. Piccard ya ce ya ga kifi, masana halittun ruwa kuwa har yau suna shakkar kifi zai rayu a wannan zurfi. Trieste bai sake komawa wurin ba, babu kuma wani ɗan Adam da ya koma sai bayan shekara 52, lokacin da mai shirya fina-finai James Cameron ya sauka shi kaɗai a watan Maris na 2012. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Batiskaf ya yi girman da babu jirgin da zai goya shi da fetur a ciki, sai dai a yi ta jan sa a kan ruwa, igiyar ruwa tana dukansa. A ƙasa kuma da ƙyar yake motsawa. Hawa da sauka ya iya, yawo kuwa bai iya ba.

Alvin da jirgin goyonsa

Masana a cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka wani abu dabam suke so: ƙaramin jirgi da za a ɗaga a ɗora a kan wani, ya nutsa yau ya sake nutsawa gobe. A watan Yuni na 1964 aka ƙaddamar da shi, aka sa masa suna Alvin don girmama Allyn Vine, masanin da ya dage a kan a ƙera shi. Mallakar sojojin ruwa ne, cibiyar ce ke tafiyar da shi. A maimakon fetur, an yi amfani da wani irin soso mai tauri da aka haɗa da ƙananan ƙwallayen gilashi. Yana ɗaukar mutum uku, matuƙi da masana biyu, yana da fitilu da hannun ƙarfe na tsintar duwatsu. Zurfin da aka yarje masa da farko bai wuce mita 1,800 ba. Jirgin goyonsa na farko kuwa abin dariya ne: tankuna biyu na sojoji da aka daina amfani da su aka haɗa aka shimfiɗa dandamali a kai, aka kira shi Lulu, sunan mahaifiyar Vine.

Shekarunsa na farko sun sha faɗi-tashi. A 1966, bayan jiragen saman yaƙin Amurka biyu sun yi karo a kan ƙauyen Palomares na Sifen, wani bam na nukiliya ya faɗa teku, Alvin ne ya gano shi a watan Maris. A watan Oktoba na 1968 wayoyin da ke saukar da shi daga Lulu suka tsinke, ƙofarsa a buɗe. Mutum ukun da ke ciki suka yi tsalle suka tsira, jirgin ya cika da ruwa ya nutse mita 1,500. Ya yi wata goma a can kafin a ciro shi. Da aka buɗe sai aka tarar da guzurin mutanen, burodi da nama da tufa, sun jiƙe sharkaf amma ba su ruɓe ba. Daga wannan asara masana suka fara gwaje-gwajen da suka nuna cewa sanyi da matsi suna rage saurin ruɓewa ƙwarai a zurfin teku. A 1973 aka musanya ƙwallonsa na ƙarfe da na taitaniyam, zurfinsa ya ninka.

Yadda ake aiki da shi ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne bambancin yake. Da safe a saukar da jirgin nutso, ya yi awa biyu ko makamancin haka yana sauka, ya yi aiki na wasu awoyi, ya taso kafin duhu. A ciki akwai sanyi da ƙunci, babu ban-ɗaki. Rediyo ba ta ratsa ruwa, da sautin murya da ake turawa ta cikin ruwan ake magana da na sama. Da dare makanikai su cika batir su duba kowane ƙusa, shi kuwa jirgin bincike ba ya barci, yana ta auna ƙasan teku don zaɓar wurin gobe. Fitilar jirgin nutso ba ta haska fiye da ƴan mitoci, idan ba a nuna masa wurin da zai sauka ba, sai ya yini yana kallon laka.

Abin da ya faru a watan Fabrairu na 1977 shi ya tabbatar da amfanin wannan tsari. Masana duwatsu sun yi hasashen cewa a inda faifayen ɓawon ƙasa ke rabuwa da juna dole a sami maɓuɓɓugan ruwan zafi. Suka tafi arewa maso gabas da tsibiran Galafagos da jirgin bincike Knorr da kuma Lulu. Knorr ya yi ta jan wani keji mai kyamara da ma'aunin zafi dab da ƙasa, a zurfin mita 2,500. A cikin hotuna kusan 3,000 da aka wanke, goma sha uku kacal suka nuna wani abu ban da baƙin dutse: tarin fararen kumba, daidai wurin da ma'aunin ya nuna ɗan ɗumi. Ranar 17 ga wata Alvin ya sauka wurin da Jack Corliss da Tjeerd van Andel. Suka tarar da ruwan ɗumi yana ɓulɓulowa daga tsagar dutse, kewaye da kumba da ƙaguwa. A nutsewar da suka biyo baya aka ga tsutsotsi masu jan kai a cikin fararen bututu.

Babu masanin halittu ko ɗaya a tafiyar, domin babu wanda ya zaci za a ga rai da yawa haka. Maganin adana halittu bai isa ba, har sai da aka tsoma wasu a giyar bodka. Da aka buɗe kwalaben ruwan da aka ɗebo, sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin gwaji, wato iskar farar wuta. Ita ce amsar. Ƙwayoyin bakteriya ne ke samun ƙarfi daga wannan iska suna haɗa abinci, sauran halittun kuma suna dogara da su, kamar yadda dabbobin tudu ke dogara da tsirrai da hasken rana. Tsutsar nan, wadda kan kai mita biyu, ba ta da baki ba ta da hanji, bakteriyar a cikin jikinta take zaune tana ciyar da ita. Wata ɗaliba a jami'ar Harvard, Colleen Cavanaugh, ita ta fara kawo wannan bayani. A 1979 Alvin ya sake gano wasu maɓuɓɓugan daura da Meziko, masu fitar da ruwa baƙi kamar hayaƙi, zafinsu ya kai digiri 350, har ma'aunin farko da aka cusa ya narke.

Duniya ta fi sanin Alvin da ziyarar da ya kai wa ɓaraguzan Titanic a 1986, amma wannan ƙaramin aiki ne idan aka gwada da na 1977. Ya yi nutso fiye da 5,000, an kuma yi ta kwance shi ana sake haɗawa har babu wani sashe na asali da ya rage a jikinsa. Tun 2022 an yarje masa ya kai mita 6,500.

Bayan haka

Daga baya na'urori marasa matuƙi sun karɓi kaso mai yawa na aikin. Kaiko na Japan ya taɓa ƙasan kwazazzabon Mariyana a 1995, ya ɓata a 2003 da wayarsa ta tsinke. Nereus na Amurka ya kai wurin a 2009, matsi ya murƙushe shi a wani kwazazzabo a 2014. An yi asarar kuɗi, ba a yi ta rai ba. A watan Yuni na 2023 kuwa jirgin nutso Titan, wanda ba a kai shi ga hukumomin tantance jirage sun amince da ƙirarsa ba, ya fashe a hanyarsa ta zuwa Titanic da mutum biyar a ciki. Ƙasar Sin ta saukar da mutum uku zuwa mita 10,909 a watan Nuwamba na 2020 a jirginta Fendouzhe. Taswirar ƙasan teku kuwa har yanzu jiragen bincike ne ke zana mafi yawanta da amsa-kuwwar sauti, layi bayan layi. A shekarar 2024, abin da aka auna da kyau bai wuce kashi 26 cikin ɗari ba.