Matsayin Tarihi a Cikin Labaran Aljannu: Misalin Ganɗoki

Tatsuniya ba ta bukatar tarihi. Ba mai tambayar shekarar da Gizo ya auri Ƙoƙi, balle sarkin da ke kan gado a lokacin. Amma da rubutun zube ya kankama a ƙasar Hausa, sai marubuta suka fuskanci wata sabuwar matsala, wato gwargwadon gaskiyar da ya kamata a zuba cikin labarin aljannu kafin mai karatu ya amince ya bi shi.

A shekarar 1933 Hukumar Fassara, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labarai. Daga cikin littattafan da aka buga a 1934 akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam. Marubucin ya kafa harsashin labarinsa a kan abubuwan da suka auku zahiri: Kwantagora ta zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wadda Turawa suka ci a 1901, da kuma yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Sai bayan wannan ne Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka nausa gabas, suka faɗa duniyar aljannu.

Hikimar wannan tsari a fili take. Tsakanin Burmi da fitowar littafin shekara 31 ce kacal, iyayen masu karatu sun ga abin da idonsu. Sunan gari ɗaya ya isa ya tayar da tsohon miki. Saboda haka nasarorin da Ganɗoki ya samu a kan aljannu suka zama huce haushin barden da bindigar Bature ta raba da filin daga.

A Ingila kuwa, J. R. R. Tolkien, wanda ya ƙagi duniyarsa tun daga tushe, sai da ya ƙaga mata har da tarihi. Littafinsa The Lord of the Rings (1954–1955) ya zo da rataye mai ɗauke da salsalar sarakuna da kalanda da bayanin harsuna. Abin lura shi ne, mafi yawan wannan kaya a ƙarshen littafi ya ajiye shi, bai tare wa labari hanya ba.

Bello Kagara ya gaji tarihinsa, Tolkien ya ƙagi nasa, amma ma'auninsu ɗaya ne. Tarihin da ya bayyana dalilin da ya fitar da jarumi daga gida, da abin da ya rasa, shi ne ya cancanci shiga labari. Wanda ya wuce haka, ko da gaskiya ne, littafin tarihi ya fi dacewa da shi.